Ranar da Darakta Ya Ce A Sake

A bayan gidana a Rano akwai wani kango da samarin unguwa suka mayar wurin ɗaukar fim. Da waya suke yi. Ina zaune a zaure nakan hango su suna faɗan wasa: wannan ya ɗaga hannu, wancan ya kautar da fuska tun hannun bai iso ba, sannan su taru a kan wayar su liƙa wa hoton ƙarar mari da suka samo a shirye. Ƙarar takan fito tas, kamar an fasa faranti. Na yi aikin rediyo har furfura ta cim mini, da kunne na ci abinci, saboda haka zan iya cewa duka ba haka yake ƙara ba. Dukan gaske a jikin mutum ƙararsa gajeriya ce, mai nauyi, ba ta da amo. Abin da ke zama a kunne shi ne numfashin wanda aka doka. Ba ina cewa yaran su doki juna ba ne, Allah ya kiyaye. Kawai duk lokacin da na ji wannan ƙarar tasu mai tsabta, sai in tuna cewa mun taso a zamanin da kowa ya san nauyin sanda, kuma har a cikinmu an sami waɗanda suka manta.

Mun taso cikin ƙarar duka. Da asuba taɓarya ce ke tashe mu. Da kaka maza su jeru a masussuka suna bugun dawa da kulake, sautin yana tafiya har gindin duwatsu ya dawo. In an kai amfani gida sai dambe ya kankama, mu ga ƙato ya faɗi ƙafafunsa na harbin iska. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sharo, wasan samarin Fulani. Saurayi ya tsaya tsakiyar fili babu riga, ya ɗaga hannuwa sama yana riƙe da madubi, abokin karawarsa ya zagaye shi da tsumagiyar tsamiya wadda aka gasa a wuta aka shafe da man shanu, ya zaɓi lokacin da ya ga dama ya zuba masa a haƙarƙari. Ba a ƙifta ido, ba a sauke hannu. In an gama sai a juya, wanda ya sha ya karɓi tsumagiya ya rama daidai abin da aka yi masa. Mukan saci hanya mu je kallo, kakata ta biyo mu da zagi tana cewa mu 'ya'yan manoma ne, haƙarƙarinmu na ɗaukar dami ne, mu bar wa masu shi abinsu. Mukan dawo gida mu kwaikwaya da karan dawa, wanda aka fara duka ya fashe da kuka, wasa ya watse.

A cikin waɗanda muke satar hanyar tare akwai abokina, wanda daga baya duk ƙasar Rano da Kibiya ta sani da Darakta. Sunan tsokana ne. An laƙaba masa tun bai taɓa riƙe kyamara ba, saboda ko tallar rake ya gani sai ya gyara wa mai raken tsayuwa. Murya gare shi. In muna korar tsuntsaye a gona yakan ja baiti ɗaya da numfashi ɗaya har mu gaji da jira, mu jefe shi da hoge. Da muka girma ni na tafi birni na shiga gidan rediyo, na koyi karanta labarai da haɗa sauti, na koyi cewa “rahotanni sun nuna” ko da a gabana abin ya faru. Shi kuwa ya ƙi yi wa kowa aiki. Ya rubuta waƙoƙinsa, ya rera a kaset, ya ɗaura akwati a bayan babur yana bin kasuwanni. Ya rubuta ƙananan littattafai na labari, ya kai maɗaba'a da kansa, ya dawo ya baje su a tabarma ɗaya da kaset-kaset ɗin. Da bidiyo ya shigo sai ya ce shi ma zai yi fim, kuma ba zai je birni ya durƙusa wa wani mai kuɗi ba. Ya ari kyamara da mai ita a wurin wani mai ɗaukar biki, ƙannensa mata suka ɗauki girki, 'yan wasan kwaikwayo na unguwa suka cika sauran gurabe. Mutum ɗaya kawai ya ɗauko daga birni, wani kyakkyawan saurayi mai laushin hannu da zai fito a jarumi. Ɗan Birni muke ce masa. Ni kuma na ɗauki hutu na zo riƙe masa sauti.

Labarin fim ɗin na wani yaro ne da aka raina a gari, ya girma ya gano asalinsa na ruga ne, ya koma neman shanun mahaifinsa, aka ce sai ya shiga sharo kafin a yarda da shi. Darakta bai yarda a tara 'yan gari a ɗaura musu kayan Fulani ba. Ya ɗauki goro da kanwar shanu ya tafi wata ruga da ke gaba da Tarai, ya gaida Arɗo, dattijon da ke shugabantar rugar, ya roƙi a ba shi fili da makaɗa da 'yan mata da saurayi ɗaya da zai kara da jaruminsa. Arɗo ya tambaya yaya za a yi. Darakta ya ce jarumin zai fara duka, sannan a juya a rama. Arɗo ya ce ai haka ake yi, babu laifi. Iyakar maganar ke nan. Kowannensu ya tashi yana ganin an gama fahimtar juna.

Mun isa da hantsi a bas ɗin haya, 'yan acaɓa daga Rurum suna biye da mu ɗauke da 'yan kallo. Filin yana tsakanin wata babbar tsamiya da gonakin da aka girbe. 'Yan mata sun yi kitso sun jeru da ƙoren nono, kalangu da sarewa suna tashi. Saurayin da aka ba mu sunansa Sambo, dogo, siriri, haƙarƙarinsa duk tabon sharon baya. Darakta ya ja shi gefe ya yi masa bayanin yadda muke aiki: Ɗan Birni zai kawo tsumagiya da ƙarfi ya tsayar da ita kafin ta taɓa fata, kyamara tana daga baya ba za a gane ba, mai kwalliya zai zana masa jan layi, ni kuma daga baya in bugi jiƙaƙƙiyar fata in sa ƙarar.

Sambo ya dube shi, ya dubi 'yan matan.

“Kaɗo,” ya ce, don haka suke kiran Bahaushe, “ka ga waccan mai jan murjani? Da ita za a ɗaura mini aure bayan sallah. A gabanta za ka shafa mini jan garura?”

“A hoto babu mai ganewa.”

“Ita ba a hoto take ba. Ga ta can tsaye. In za a buga a buga, in ba za a buga ba in koma wurin shanuna.”

Na ga fuskar Darakta ta washe. Ya juyo gare ni ya ce, “Mutumina, ka ji? Na gaske za mu samu. Ka matso da sandarka.”

Na ɗaga doguwar sandar da ke ɗauke da makirufo, na sa abin ji a kunne. Darakta ba ya amfani da kalmomin Turanci na masu fim. “Bismilla, a fara,” yake cewa, in an gama ya ce, “Ya isa.” Sambo ya tuɓe riga ya ɗaga madubi. Ɗan Birni ya zagaya shi kamar yadda aka koya masa, ya kai duka, amma hannunsa ya yi sanyi a hanya, tsumagiyar ta sauka kamar ana kaɗe ƙuda. 'Yan mata suka sheƙe da dariya. Wata ta ce a kawo masa fura ya sha tukuna.

“Ya isa,” in ji Darakta. “Haba jarumi, shanun ubanka kake nema fa. A sake.”

Na biyun ya sauka da ƙarfi. Jan layi ya taso a gefen Sambo, ya kumbura nan take. Amma Ɗan Birni yana gama bugawa ya waiwayo ya kalli kyamara yana neman yabo, mai kyamara ya ce hoton ya ɓaci.

“A sake.”

Wani abokin Sambo da ke tsaye bayansa yana jan layi a ƙasa da babban yatsan ƙafa duk lokacin da tsumagiya ta sauka. Babu wanda ya kula da shi a cikinmu. A wurinmu abin da ba a sa a fim ba bai faru ba, ana shafe shi a ɗauki wani a kai. Da haka muka saba aiki.

A na ukun dariyar 'yan mata ta riga ta ɓata wa Ɗan Birni rai. Ya ja da baya ya kawo da dukkan ƙarfinsa, kuma da yake bai iya ba, bakin tsumagiyar ya naɗe ya zagaya har gadon baya ya tsaga fata. Jini ya gangaro cikin wandon Sambo. A kunnena na ji numfashinsa ya tsaya, ya daɗe, sannan ya fito a hankali ta hanci. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya gyara gashin girarsa a madubi, ya yi kirari da Fillanci, mai jan murjani ta rangaɗa guɗa.

“Ya isa! Wannan shi ne!” Darakta yana tafi. “Yanzu a juya.”

Sambo ya miƙa hannu aka ba shi tasa tsumagiyar. Ya lanƙwasa ta ya saki. Ɗan Birni ya tuɓe riga yana murmushi, mai kwalliya ya matso da kwalbar jan ruwansa, Darakta ya shiga tsakani yana nuna wa Sambo inda zai tsayar da hannu.

“In tsayar?” in ji Sambo.

“Shi ai ɗan wasa ne, ba zai iya ɗauka ba. Ka kawo ta nan, ka tsaya nan.”

Kalangu ya yi shiru. Abokin Sambo ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, “Uku.”

Ɗan Birni ya kalli layukan, ya kalli jinin da ke ɗiga daga gefen Sambo, sai a lokacin ya gane. Da ya tsaya, wataƙila da magana ta gyara abin. Ya zubar da rigarsa ya ruga, ya faɗa cikin bas ya danna makulli.

Abin da ya biyo baya na ji shi fiye da yadda na gan shi, don abin ji yana kunnena kuma hannuna ya ƙi sauke sandar. Samarin ruga suka bi shi da sanduna. Gilashin gaba ya tarwatse a bugun farko. Direba ya fito yana ɗaga hannu yana cewa motar ba tasa ba ce, sanda ta same shi a tsakar ka, ya zauna a ƙasa jini yana rufe masa ido. 'Yan acaɓa suka ga an zubar da ɗan gari, suka zaro sarƙa da sifana daga ƙarƙashin kujerun babura, wasu suka tsinci duwatsu. Wani manomi da ya zo kallo da adda a rataye ya sari wani saurayi a damtse, naman ya buɗe fari kafin ya yi ja. Aka kwantar da manomin da gora a ƙeya, aka bi shi da ƙafa. Ƙoren nono suka farfashe, mata suna ihu suna jan yara. Mai kwalliya ya faɗi a kan kwalbarsa, ya tashi jajir, mutane suka ɗauka an farke masa ciki, abin ya ƙara tunzura 'yan gari. Na ji wani yana cewa a ƙona rugar. Na ji babur ya tashi ya nufi Tarai, mai shi yana ihu tun daga nan cewa Fulani suna kashe mutane. A ɗaya gefen kuma samari sun fara jibga karan dawa a ƙarƙashin bas, wani yana neman ashana. Ta tagar da ta fashe ina hango Ɗan Birni kwance tsakanin kujeru, ya rufe kai da hannuwa. Arɗo yana tsakiya yana ɗaga sandarsa yana magana, babu mai jin sa.

Darakta ya taka tayar bas ya haye rufin. Bai yi ihu ba. Ya cika ƙirji ya ɗauki waƙar da 'yan matan suke yi ɗazu, wadda ake kiran saurayi fili da ita, ya ja baitin farko da wannan numfashin nasa. Ya ja, ya ci gaba da ja. Allurar na'urata ta kwanta a ja ta ƙi tashi. Mutane suka fara ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya, don babu wanda ya taɓa jin Kaɗo ya yi wannan kiran, balle daga kan mota. Kafin ya sauke, sanduna sun tsaya a sama. Ya cire rigarsa ya jefar, ya diro gaban Arɗo.

“Baffa, ga ni. A rama a kaina.”

“Kai ka buga?” in ji Arɗo.

“Hannunsa ne, amma bakina ne. Yaron nan bai san komai ba, abin da na ce shi ya yi.”

Arɗo ya dubi layukan da ƙafafu suka kusa shafewa. Tsoho ne mai magana a hankali, kuma ko a wannan hali bai yi sauri ba.

“Ta farko mun yi da kai za a yi ta, kuma yaron ya karɓi tsumagiya da hannunsa, ya san me ake yi da ita. Wannan tasa ce, ba a karɓar wa mutum. Biyun da suka biyo, ban ji kowa ya nema ba sai kai. Kai ka ce a sake. Su ne naka.”

“Na karɓa.”

“Ka taɓa sha?”

“Da karan dawa, Baffa. Na yi kuka.”

Wani ya yi dariya a cikin samarin, gajeriya. Darakta bai bari ta huce ba. Ya shiga ba da umarni kamar ba abin da ya faru. Ya ce hasken nan bai yi ba, a koma gindin tsamiya, can nesa da mota. Ya daka wa mai kyamara tsawa ya kafa ƙafafunta a can. Ya jera 'yan mata a dama, samari a hagu, 'yan acaɓa a tsakiya, ya ce wanda duk yake so ya fito a fim ya matso ya fuskanci bishiya. Mutanen da ɗazu suke neman ran juna suka bi hannunsa, da jininsu da sandunansu, har da masu jibga kara. Da ya zo gyara mini tsayuwa sai ya sunkuya kamar yana duba waya, ya ce a hankali, “Mai jar hular can, ɗan Rurum. Ka ce ya tura babur ɗinsa bayan mota ya ɗauki Ɗan Birni, kada ya tayar sai ya wuce rafi.” Na jingina sandar a kafaɗar mai kyamara na je na faɗa, na dawo. Kowa ya ba motar baya.

Darakta ya tsaya ya ɗaga hannuwa. Wata yarinya ta miƙa masa madubi. Jikinsa na mai zaman rubutu ne, ga ɗan tumbi, babu tabo ko ɗaya. Sambo ya zagaya shi sau da yawa, jininsa na bin ƙafarsa yana barin sawu a ƙasa.

“Kaɗo, wa zai ce a fara?”

“Bismilla,” in ji Darakta. “A fara.”

Sambo bai rage komai ba. Da ya rage, da 'yan uwansa sun ce bai rama ba, da an koma kan mota. Ya taka ƙafa ɗaya gaba, ya juya ƙugu, tsumagiyar ta yi kuka a iska ta sauka a ƙarƙashin hammatar hagu. Na ji ƙara biyu a haɗe, ta fata da wata a ciki kamar an taka busasshen kara. Madubin ya faɗi. Darakta ya buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Ya durƙusa, ya kifa da goshi, ya yi tari, jini mai kumfa ya fito ta bakinsa ya zuba a ƙasa.

“Tashi, Kaɗo,” in ji Sambo. “Saura ɗaya.”

Ya yi ƙoƙari. Ya kafa hannu ɗaya, ya ɗaga gwiwa, ya fara miƙa ɗaya hannun sama, ya sake kifewa. Arɗo ya matso, amma kafin ya yi magana Sambo ya sauke tsumagiyar.

“Ba na bugun na kwance. Ɗayar tana nan, ka ajiye mini. Ranar da ka warke ka kawo ta.”

Mutanen Tarai sun iso da adduna da bindigar toka, suka tarar da Fulani sun ɗauko Darakta a kan gadon kara, Sambo yana riƙe da kusurwa ɗaya, direba da wanda aka sara a damtse suna zaune a inuwa ɗaya wata tsohuwa tana ɗaure musu raunuka. Babu wanda suka samu da za su sara. Da aka leƙa mota aka ga wayam, Sambo ya tofar da yawu.

Haƙarƙarin Darakta ya karye ya taɓa huhu. Ya yi jinya mai tsawo, tsakanin asibiti da mai ɗori, ya tashi, amma numfashin bai dawo ba. Ko sallama ya yi mai tsawo sai ya tsaya ya huta. Bai sake rera waƙa a kaset ba. Ya ci gaba da rubuta su yana ba wasu, yana zaune a gefe yana ɓata rai in sun yanke baiti a tsakiya don su shaƙi iska. Fim ɗin ya fito da wani jarumin, don Ɗan Birni bai sake taka ƙasar Rano ba. A wurin da ake rama duka a kan jarumi na sa ainihin ƙarar da na ɗauka a gindin tsamiya, masu kallo suka ce ba ta yi kama da ta gaske ba. Ya yi wasu finafinan bayan wannan, duk da kuɗin aljihunsa da girkin ƙannensa, ya rubuta littattafai da yawa, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun san abu ɗaya: yakan sa a yi gwaji har a gaji kafin a kunna kyamara, amma in an kunna, da wuya ka ji ya ce a sake.

Sharo kuwa ya tafi a hankali. Malamai suka yi wa'azi a kansa, hukuma ta sa ido, samarin ruga suka koma noma da acaɓa, filin gindin tsamiya ya zama gonar masara. Ban yi kewar jinin ba. Abin da nake tunawa shi ne a wancan zamanin ko rigima tana da ma'auni, akwai wanda zai duba ƙasa ya ce ga naka ga nasa, kuma a ji. Na karanta labaran rikicin manoma da makiyaya a rediyo har na bar aiki, ban taɓa karanta wanda aka san inda zai tsaya ba.

Sambo ya auri mai jan murjani, ya yi 'ya'ya, ya manyanta. Duk ranar kasuwar Kibiya sai ya biya ta tabarmar littattafai.

“Kaɗo, ka warke?”

“Da sauƙi dai. Bari in gama littafin nan.”

“Wancan karon ma haka ka ce.”

“Wani ne wannan.”

Sai ya ajiye masa ƙwaryar nono, ya zauna a karanta masa shafi biyu, ya ce ƙarya ta yi yawa a ciki, ya tafi. Haka suka yi har gemunsu ya yi fari.

Ciwon ƙirjin ne ya ɗauke Darakta a ƙarshe. Da safe aka fito da shi ƙofar gida, jama'a ta cika layi har bakin titi, har da 'yan fim daga birni. A cikinsu na ga wani Alhaji mai ƙiba da babbar riga, ana buɗe masa ƙofar mota, ana ba shi hanya zuwa sahun gaba. Sai da ya cire tabarau na gane Ɗan Birni ne. Ya yi suna, ya yi dukiya. Kafin a ta da salla liman ya yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci wani abu ya faɗa ko ya ga magada. Aka yi shiru irin na al'ada. Sai wani dogon tsoho mai malfa ya fito daga baya, yana dogara tsumagiyar da ta yi baƙi don tsufa.

“Ina bin sa.”

“To Malam, a ga 'ya'yansa bayan an dawo. Nawa ne?”

“Ba kuɗi ba ne. Bulala ce, guda ɗaya.”

Aka fara gunaguni. Babban ɗan Darakta, wanda ya san labarin tun yana goye, ya fito daga sahu ya kama maɓallin rigarsa.

“Baffa, ni ne babba. Ga ni.”

Sambo ya daɗe yana kallonsa. Idanunsa sun kaɗa.

“Mayar da rigarka, ɗana. Ubanka ya tsaya mini ranar da babu wanda ya tilasta shi. Na zo ne in faɗa a gaban mutane, kada a tambaye shi a can. Na yafe, duniya da lahira.”

Liman ya ce Allah ya saka da alheri, a daidaita sahu. Sambo bai koma baya ba. Ya bi sahun gaba yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya.

“Alhaji. Kai ne ko? Ka yi jiki, masha Allah. Wuri ya samu.”

Alhaji ya dubi tsumagiyar.

“Taka bulalar, ta farko, tana nan. Wannan ba ta mamaci ba ce, ba sai liman ya sa baki ba. Bari mu kai shi tukuna.”

Ya raɓa ya shiga sahu a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ya sunkuya ya shimfiɗa tsumagiyar a ƙasa daidai yatsun ƙafafunsu. Liman ya yi kabbara. Ina bayansu, kuma a cikin muryoyin jama'a duka na ji ta Alhaji daban, tana rawa.